Ɗan tauri da gangarsa

A Sakkwato, idan aka ce ɗan tauri, wuƙa ce ke fara faɗo wa mutane a rai: a goga ta a wuya ko a ciki ta ƙi kamawa, wani lokaci ma ta lanƙwashe. Ni kuwa abin da ya riƙe ni a sana'ar nan rawarta ce.

Ɗan tauri ba ya shiga fili sai an kira shi, kuma ganga ke kiran. Kowane gwani yana da takensa, makaɗi na buga shi zai zabura, jiki na tsuma, ya yi kirari, sannan ya sa ƙafa. Ina yaro na ga wani dattijo daga cikinsu ranar hawan salla, daura da ƙofar fadar Sarkin Musulmi. Warki ne a ƙugunsa, da guru da kambu da layu rututu. Samari sun riga shi shiga, sun yi ta tsalle suna tada ƙura. Shi bai yi tsalle ko ɗaya ba. Ya riƙa jan ƙafa a hankali, kafaɗa na amsa ganga, ya tsaya cik daidai inda makaɗi ya ɗauke hannu, har mutane suka yi tsit, sannan ya juya a kan dunduniya guda, wuƙaƙe biyu na walƙiya a hannunsa. Makaɗin ne ya koma bin sa. Ko da ya ɗora wuƙar a wuya, an riga an gama yi masa liƙi.

Yawanci gado ake yi. Tun yaro yana ƙarami ake shayar da shi sassaƙe da saiwoyi, ya riƙa bin ubangidansa wajen gangi, taron da 'yan tauri ke haɗuwa gari da gari a gwada juna. Magani a ba ka shi a ƙwarya, amma kunnen jin ganga sai an shekara ana bin fili. Kuma tauri kaɗai ba ya riƙe gida: akasarinsu manoma ne, ko mafarauta, ko maƙera da mahauta, sai bikin aure ko naɗin sarauta ya kawo ɗan abin sa wa aljihu.

A garin malamai irin namu, 'yan tauri ba su taɓa rabuwa da zargi ba, saboda asirin da ke cikin lamarin, kuma malaman suna da hujjarsu. Abin da ke damuna shi ne, an haɗa rawar da asirin an yi musu kuɗin goro. Kassu Zurmi, makaɗin tauri na ƙasar Zamfara, muryarsa ta tsira a kaset. Mutanen da ya yi wa kiɗa kuwa, takun ƙafarsu ya bi su kabari. Yau an fi ganin 'yan tauri a taron siyasa, ana kiransu don su cika fili da hayaniya, makaɗi bai ko gama taken mutum ba an ce a matsa, manya sun iso.