Jinginar Gida da Haƙƙin Fansa a Anka da Gummi da Bukkuyum

Jingina, wadda malaman fiƙihu ke kira rahani, ita ce mutum ya ajiye wata dukiyarsa, gida ko gona ko makamancinsu, a hannun wanda ya ba shi bashi, domin ta zama madogara idan biya ya gagara. A manyan biranen duniya jinginar gida harkar banki ce, inda ma'aikaci ke karɓar rancen sayen gida ya riƙa biya wata-wata tsawon shekara ashirin ko talatin, idan ya gaza a karɓe gidan a yi gwanjonsa, kamar yadda ya auku ga miliyoyin iyalai a Amurka bayan rikicin kuɗi na 2008, har gwamnatin ƙasar ta fito da shirin sassauta musu sharuɗɗan biya a 2009. A Anka da Gummi da Bukkuyum na Jihar Zamfara kuwa, yawancin gidaje na gado ne, ko kuma an gina su ɗaki bayan ɗaki da kuɗin amfanin gona, saboda haka bashin da ke cin gida a nan shi ne wanda lalura ta sa aka ci, aka jingine gidan da tun asali yake hannu.

Lalurorin ba ɓoyayyu ba ne. Shekarun ta'adin 'yan bindiga sun ɗora wa magidanta kuɗin fansar 'yan uwansu da aka sace, da harajin da ake yanka wa ƙauyuka kafin a bar su su yi noma ko girbi, ga kuma ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a Gummi a daminar 2024. Mai neman kuɗi cikin kwana biyu ko uku ba ya da halin bin layin banki, sai ya nufi attajirin kasuwa ko dillalin zinariya ko maƙwabci mai hali, a ƙulla magana a zaure gaban shaidu biyu, sau da yawa ba tare da an rubuta adadin kuɗin ko wa'adin biya ba. Daga wannan zaure ake fara asarar gidan, domin abin da aka ƙulla da baki yana sauya kama idan shaidu suka rasu ko suka yi gudun hijira, har jingina ta koma ciniki a bakin mai ƙarfi.

Shari'ar Musulunci, wadda Jihar Zamfara ta faɗaɗa aiki da ita tun watan Janairu na 2000, ta yi wa wanda ake bi bashi katanga fiye da yadda jama'a da yawa suka sani. A mazhabar Malikiyya abin da aka jinginar yana nan a mallakar mai shi, kuma sharaɗin da akan sanya cewa idan wa'adi ya cika ba a biya ba gida ya zama na mai bin bashi, ɓataccen sharaɗi ne ko da an yi shi da yardar juna, kamar yadda Imamu Malik ya yi bayani a Muwaɗɗa. Mai bin bashi ba ya da ikon sayar da gidan da kansa sai da izinin mai shi ko da hukuncin alƙali, idan kuwa an sayar, abin da yake bi kawai zai ɗauka, rarar ta koma wa mai gida. Littafin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya nuna cewa a dukiyar wanda bashi ya yi wa katutu ana gaggauta sayar da dabbobi, amma gida da fili ana jinkirta musu kimanin wata biyu domin a nemi farashi mai kyau. Tushen wannan rangwame shi ne aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi.

Inda al'ada ta yi hannun riga da fiƙihu shi ne batun cin amfanin abin da aka jinginar. An saba wanda ya ba da kuɗi ya riƙa noma gonar ko karɓar hayar gidan shekara da shekaru, ranar fansa kuma ya karɓi kuɗinsa cif, alhali Risala ta Ibnu Abi Zaid ta tabbatar da cewa hayar gidan da aka jinginar ta mai gidan ce, kuma malamai suna ɗaukar duk amfanin da rance ya jawo wa mai bayarwa a matsayin riba. Wannan mas'ala ƙofar sauƙi ce babba da ba a cika shiga ba, domin magidancin da aka ci hayar gidansa shekara biyar yana da hujjar neman a lissafa ta a cire daga uwar kuɗin, wani lokaci ma lissafin kan nuna cewa bashin ya daɗe da biyan kansa. Kotunan boko ma sun tsaya a kan cewa jinginar gargajiya ba ta zama mallaka saboda daɗewa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Okoiko da Esedalue a 1974, kuma magada suna da ikon fansar abin da mahaifinsu ya jinginar.

Bashin banki ya fi shafar 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati masu takardar shaidar mallaka, kuma dokokinsa daban ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, sashe na 22 kuma ya wajabta neman amincewarsa kafin a jinginar da filin da ke ƙarƙashin haƙƙin da shi ke bayarwa, yayin da sashe na 21 ya bar filayen karkara ga amincewar ƙaramar hukuma. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta soke wata jingina saboda rashin wannan amincewa, sai dai ba hikima ba ce a dogara da hukuncin, domin daga baya kotuna sun ƙi barin wanda nauyin neman amincewar ke kansa ya fake da sakacinsa. Dokar Ingila ta 1881 da jihohin Arewa suka gada ta ce banki ba zai sayar ba sai ya ba da sanarwa an yi wata uku ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya taru na wata biyu, ko an saɓa wani sharaɗi, amma bankuna kan gajarta wannan wa'adi a takardar yarjejeniya, wadda mutane da yawa ke sa wa hannu da Turancin da ba su karanta ba.

Hanyoyin tsira a nan duk suna buƙatar a motsa da wuri. Wanda ya ga biya zai gagare shi yana iya rubuta wa banki ya nemi a sake tsara bashin, wato a tsawaita wa'adi domin abin da ake biya kowane wata ya ragu, ko a ɗaga masa ƙafa na wasu watanni, kuma bankuna kan saurara saboda gwanjon gida a garin da kowa ya san mai shi ba ya samun masu saye cikin sauƙi. Idan yana zargin an cusa masa kuɗaɗen da ba su cikin yarjejeniya, zai fara kai kuka ga bankin, in ba a share masa hawaye ba ya wuce sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Nijeriya. Ma'aikacin da ake cire wa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, rancensa na da ruwa kashi shida cikin ɗari da wa'adin da kan kai shekara talatin, saboda haka ya fi kowa sararin neman sassauci. Idan komai ya faskara, gara mai gida ya nemi izinin sayarwa da kansa, ko ya yanke wani sashe na filin ya sayar, da ya jira mai ƙararrawar gwanjo.

Sauran taimakon na cikin gida ne. Waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi takwas na masu cin zakka da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma Zamfara tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, sai dai kunya kan hana magidanci bayyana halinsa har sai an zo auna gida. Fadar Sarkin Zamfaran Anka da ta Sarkin Mafaran Gummi, da hakimai da dagatan da ke ƙarƙashinsu, suna sulhunta irin wannan rigima tun kafin ta kai gaban alƙali, kuma sulhun da aka rubuta aka sa masa hannu yana da ƙarfi a kotu. Ya kamata masu unguwanni da limamai a Anka da Gummi da Bukkuyum su daina tsayawa shaida a kan jinginar da ba a rubuta adadinta da wa'adinta da wanda zai ci amfaninta ba, da boko ko da ajami, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.