Cutar Bilas: Abin Da Ya Kamata Manomin Jazira Ya Sani

Bilas, wadda littattafan aikin gona na Larabci ke kira lafha, cuta ce ta hatsi da wata irin funfuna mai suna Magnaporthe oryzae ke haddasawa. Tana kama shinkafa da alkama da gero da tamba, da ciyayi iri-iri na gefen gona. Masana sun ƙiyasta cewa duk shekara tana lashe kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na shinkafar duniya. Tsohuwar cuta ce, don tun 1637 aka rubuta bayaninta a ƙasar Sin.

Ƙwayoyinta iska ke ɗauke da su. Idan ƙwaya ta sauka a kan ganye mai laima, ta samu awoyi cikin raɓa ko ruwan sama, sai ta tsiro, ta yi wani ɗan ƙullutu da ke manne wa ganyen. A cikin ƙullutun nan take tara ƙarfi, wanda ya ninka na iskar tayar mota kusan sau 40, da shi take huda fatar ganye ta shige. Kafin mako ya zagayo tabo ya fito, tabon kuma yana fitar da dubban sababbin ƙwayoyi a dare ɗaya. Zafi na digiri 25 zuwa 30 tare da danshi shi ne abin da ta fi so.

A shinkafa, tabon yakan zo da tsini sama da ƙasa, tsakiyarsa launin toka, gefensa ruwan ƙasa. Wannan da sauƙi. Babbar asara tana zuwa ne in cutar ta kama wuyan zangarniya: wurin ya yi baƙi, abinci ya daina hawa, zangarniyar ta yi fari fat ba tsaba, wani lokaci ta karye. A alkama ma haka ne, sai dai sau da yawa ganye ba ya nuna komai. Manomi zai ga rabin zangarniya na sama ya bushe alhali na ƙasa kore shar. Ba ita ce burtuntuna ba, wadda ke mayar da tsabar dawa baƙin gari. Dawa ma ba ta cika shiga hannun bilas ba.

Ta alkama sabuwa ce. A jihar Parana ta Brazil aka fara ganinta a 1985. A 2016 ta ɓulla a Bangladesh ta shafi kadada kusan 15,000, har aka ƙone wasu gonaki, a 2018 kuma aka gan ta a gundumar Mpika ta Zambiya, karo na farko a Afirka. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa ta Bangladesh da ta Zambiya duk daga Kudancin Amurka suka fito. Iska ba ta ƙetara teku da ita ba. Ana kyautata zaton a cikin buhunan hatsi ta yi tafiyar.

Nan ne maganar ta shafi Jazira ta ƙasar Sudan. Shirin noman da ya kafu da madatsar Sannar a 1925 ya kai faddan miliyan 2, kuma alkama na cikin manyan amfaninsa, tare da auduga da dawa da gyaɗa. Hausawa da yawa, daga Mai Wurno zuwa ƙauyuka da kanabi (sansanonin 'yan ƙwadago) na kewayen Wad Madani, da wannan noma suke rayuwa, wasu da hawasharsu (gonar da shirin ya ba su), wasu ta hanyar ƙwadago ko noman raba-daidai. Yanayi yana taimakon manomin alkama a nan: ana shuka a Nuwamba a girbe a Maris, babu ruwan sama lokacin fitar zangarniya, ruwan ban kuwa ta abu ishirin (ƙaramar hanyar ruwa ta gona) yake bi ƙasa, ba ya jiƙa kai. Amma abin da ake nomawa da damina ba shi da wannan kariya, wato shinkafa a bakin Farin Nilu da gero a kudancin Sannar da Shuɗin Nilu, inda ruwa ya fi yawa.

Ƙofar da ta fi zama abin tsoro ita ce ta iri. Yaƙin da ya ci Wad Madani daga Disamba 2023 zuwa Janairu 2025 ya yi wa Hukumar Binciken Aikin Gona, wadda hedikwatarta ke garin, mummunar ɓarna, har da rumbun adana irinta. Idan ingantaccen iri ya yi ƙaranci, manomi yakan shuka abin da ya samu a kasuwa, ko da alkamar ci ce da aka shigo da ita daga waje. Wannan kasada ce babba.

Maganin farko shi ne iri mai takardar shaida, a wanke shi da maganin funfuna kafin shuka. Sai shuka a kan lokaci, da sauya amfani a gona, da kawar da karmami da ciyayin gefen hanyar ruwa. Taki yana da nasa sharaɗi: yuriya in ta yi yawa, ganye yakan yi laushi cutar ta samu hanya, don haka a raba ta kashi biyu ko uku. Shinkafar da ta sha ƙishirwa ta fi saurin kamuwa, shi ya sa ta tudu ta fi ta fadama shan wahala.

Feshi yana aiki ne a matsayin rigakafi, daidai lokacin da zangarniya ke leƙowa. Ana amfani da tricyclazole a shinkafa, a alkama kuwa haɗin tebuconazole da trifloxystrobin. In kai ya riga ya yi fari, kuɗin magani asara ne. A Brazil funfunar ta riga ta saba da wasu magungunan saboda yawan maimaita su. Abin da ya fi ɗorewa shi ne iri mai juriya, irin BARI Gom 33 da Bangladesh ta fitar a 2017.

Duk manomin da ya ga zangarniya ta yi fari kafin lokacinta, da baƙin tabo a gindin farin, ya cire ta ya sa a leda ya kai wa malamin gona, kada kuma ya ajiye iri daga wannan gonar.