'Ya'yan Shamuwa Bayan Sun Bar Sheƙa

Kowane manomi a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum ya san shamuwa. Baƙa ce, cikinta fari, ƙafafunta dogaye. Ta kan iso wajen watan Afrilu ko Mayu, ta yi sheƙa bisa tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, wani lokaci ma bisa jinkar ɗaki. Da an gan ta sai a ce damina ta kusa, kowa ya shiga gyaran gona. Amma ba kowa ya kan kula da abin da ke samun 'ya'yanta ba ran da suka fara barin sheƙa, alhali kuwa lokacin ne suka fi bukatar mai gida ya sa musu ido.

Shamuwa ta kan saka ƙwai biyu ko uku. Mace da namiji su yi ta karɓa-karɓa wajen kwanci har kimanin kwana 30. Bayan ƙyanƙyasa 'ya'yan su kan yi kwana 50 zuwa 60 cikin sheƙa, iyaye na haɗiyo abinci a daji su zo su amayar musu. Watau galibi cikin watan Agusta su ke fara tashi, daidai lokacin da gero ke fid da kai, fara kuma ta fara yawa. Abincin shamuwa kuwa shi ne fara da babe da tsutsa, ta kan haɗa da kwaɗi da ƙadangaru. Ba ta taɓa hatsi. Saboda haka kada a haɗa ta da jan-baki, wanda ke cinye gero da shinkafar fadama. Kowane ɗan shamuwa da ya rayu, ɗan ƙodago ne wanda ba a biyansa ko kwabo.

Kwanakin Haɗari

Ɗan da ya fara tashi fiffikensa bai yi ƙwari ba tukuna. Ya kan sauko tsakar gida ko bakin kududdufi ya kasa komawa sama da wuri. Nan kare da kyanwa ke samunsa, nan kuma yara ke harbinsa da danƙo. Iskar hadari ita ma ta kan faɗo da waɗanda ba su ma isa tashi ba.

To, in an tsinci ɗaya a ƙasa, a fara dubawa tukuna. Idan gashinsa ya cika, yana tafiya, yana kaɗa fiffike, ba maraya ba ne, koyon tashi ya ke yi. A ƙyale shi, a ɗaure kare, a tsawata wa yara. In magariba ta yi bai hau sama ba, a ɗora shi bisa rufin ɗaki ko reshe ya kwana. Idan kuwa gashinsa bai gama fitowa ba, faɗowa ya yi, maganinsa a mai da shi sheƙarsu. Zancen da a ke yi wai uwa ta kan ƙi ɗan da hannun mutum ya taɓa, ba shi da tushe. Amma fa a rufe masa kai da tsumma kafin a ɗauka, gama bakinsa tsini gare shi, ido kuma ya ke nema. In an gama a wanke hannu da sabulu.

Ciyarwa

In sheƙa ta yi nisan da ba a iya hawa, sai mai gida ya zama uwa. A sa shi cikin kwando a inuwa, inda kyanwa ba ta kaiwa. A ba shi fara da babe da shinge da 'yan ƙananan kifi, kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini. A zuba masa a gabansa cikin kasko ya tsattsaga da kansa, don haka iyayensa ke yi masa. Kada a ba shi tuwo ko fura ko tsaba, cikinsa ba na hatsi ba ne. Kada a ɗura masa ruwa, sai ya shaƙe. A ajiye masa a kasko. Kada kuma a ɗaure masa ƙafa ko a fige masa fiffike, domin tafiya mai nisa na jiransa.

Wannan hidima ba baƙon abu ba ne a duniya. A Amurka akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu shuɗi mai cin ƙwari, wanda ya ragu ƙwarai sa'ad da kogunan itatuwan da ya ke sheƙa ciki suka yi wuya. Mutane suka shiga kafa masa 'yan akwatuna a gonaki da bayan gida, har suka kafa ƙungiya dominsa a 1978. Waɗansu su kan zuba tsutsa a kwano don iyaye su kai wa 'ya'yan da suka bar sheƙa. Da haka ya sāke yawa.

Maganin Feshi

Babban abokin gaban ɗan shamuwa yau shi ne maganin ƙwari. Farar da aka fesa wa magani ta kan yi laushi, ba ta iya gudu, ita ce kuwa ɗan da bai ƙware ba ya fi kamawa. Ya ci goma, ya ci ashirin, guba ta taru a cikinsa. Saboda haka kada a yi feshi gindin itacen da ke da sheƙa. Kada a wuce ma'aunin da aka rubuta jikin kwalba. Kada a wanke injin feshi a kududdufin da tsuntsaye da dabbobi ke sha. Farar da za a ciyar da shi kuma kada a kamo ta a gonar da aka fesa.

Amfanin Sa Ido

Wanda ya saba duban tsuntsayen gidansa ya kan ga masifa tun tana nesa. Mutanen wannan yanki ba su manta da shekarar 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare na Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. Daga baya mutane suka tuna cewa agwagi ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. To, duk wanda ya ga tsuntsaye na mutuwa barkatai a gida ko bakin ruwa, ya hana yara taɓa su, ya gaya wa mai unguwa da malamin dabbobi nan da nan. Rigakafi ya fi magani.

Wajen watan Oktoba, da ruwa ya ɗauke, shamuwa su kan taru garke garke su nufi kudu, har Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke farawa. 'Ya'yan da aka tsare a Agusta su na cikin ayarin. Abin da ya rage ga mai gida shi ne ya bar itacen nan tsaye, kada ya sare shi don icen girki ko gawayi, baƙuwarsa ta sami masauki baɗi.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.