Gawar Fir'auna da Maganar Gishiri

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa Musulmi, tun da muka shiga Suratu Yunus tambaya guda take ta dawo mana daga masu saurare: shin da gaske ne likitocin Faransa sun binciki gawar Fir'auna, suka tarar da gishirin teku a jikinsa, suka shaida nutsewa ya yi? Saƙon yana yawo a wayoyi, kuma mafi yawan masu tura shi kishin addini ne ya sa su.

Abin da aya ta 92 ta faɗa ba mu da ko ɗigon shakka a cikinsa. Allah ya halaka Fir'auna a ruwa, ya fitar da gangar jikinsa domin ya zama izina ga na baya. Ɗabari da Ibnu Kasir sun ruwaito cewa wasu daga Banu Isra'ila sun yi kokwanton mutuwarsa, sai teku ta tofo shi suka gan shi ƙuru-ƙuru. Sai dai Alƙur'ani bai ambaci sunan wannan sarki ba, kuma Fir'auna laƙabin sarauta ne da sarakunan Masar masu yawa suka ɗauka.

Tushen labarin wani likita ne Bafaranshe, Moris Bukai, wanda ya fitar da littafi a 1976 a kan Baibul da Alƙur'ani da kimiyya. Shi ya karkata ga cewa Marnafta ne aka nutsar. Amma hoton da ake tura muku sau da yawa na mahaifinsa ne, Ramsis na biyu, wanda aka kai gawarsa Faris a shekarar nan don a yi maganin funfunar da ke cin ta, kuma wanda ya mutu tsoho tukuf, yana wajen shekara 90. Masu ba da labarin ma ba su daidaita a kan gawa guda ba.

To, gishirin fa? Mutanen Masar na dā da kanwa suke busar da gawa. Sukan binne ta cikin kanwa wajen kwana 40, har ruwan jiki ya tsotse, sannan su naɗe ta. Duk wanda ya taɓa lasar kanwar Manga ya san da gishiri a cikinta. Ashe ke nan wanda ya nutse da wanda ya mutu a kan gadonsa, duka da gishiri za a tarar da su.

Saɓani a kan irin wannan tafsiri tsoho ne. Gazali ya tafi a kan cewa tushen dukkan ilimomi yana cikin Alƙur'ani, kuma Ɗanɗawi Jauhari, wanda ya rasu a 1940, ya cika tafsirinsa da bayanin taurari da tsirrai da dabbobi. Shaɗibi kuwa, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 790 bayan hijira, ya yi gargaɗi cewa sahabbai sun fi kowa sanin Littafin, amma ba su ɗora masa irin waɗannan da'awoyi ba. Mu dai mun fi natsuwa da maganarsa. An umarce mu da duban halitta, kuma mai karatun likita da ya ƙara tsoron Allah saboda abin da ya gani ya dace. Abin da muke gudu shi ne a ɗaure aya tabbatacciya a jikin hasashen da gobe ana iya warware shi.

Ku tuna yadda aka yi ta shelar cewa Kusto, Bafaranshen nan mai nutso cikin teku, ya musulunta don ya ga inda ruwa biyu suka haɗu ba su gauraya ba. Cibiyarsa ta ƙaryata, kuma da ya mutu a 1997 a majami'ar Notirdam ta Faris aka yi masa addu'a. Ɗanmu da ya ji wannan a bakin malami, ya tafi jami'a a Yamai ya tarar ba haka ba ne, wa zai hana shi tuhumar sauran abin da malamin ya karantar da shi?

Gobe, in Allah ya kai mu, za mu ɗauka daga aya ta 93.