Shin Ko Kun San? Maganin Zuciya Ya Sake Salo

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin manyan magungunan gazawar zuciya a yau asalinsa maganin ciwon suga ne? Tsoro ne ya haifi wannan alheri. A 2007 aka zargi wani maganin suga mai suna rosiglitazone da jawo toshewar jijiyar zuciya. Shekara na zagayowa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gindaya sharaɗi: duk sabon maganin suga sai an gwada shi an tabbatar ba ya cutar da zuciya. Kamfanoni suka shiga gwaje-gwajen don wanke kansu kawai. Da sakamakon empagliflozin ya fito a 2015, bayan an bi mutum 7,020, sai ga abin da ba a je nema ba. Mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kashi 38 cikin 100, kwanciya a asibiti saboda gazawar zuciya kuma ta ragu da kashi 35.

A ƙoda maganin yake aiki. Yana hana ta mayar da suga da gishiri cikin jini, sai su bi fitsari su fita. Masu bincike suka ce to, bari a ba waɗanda ba su da ciwon suga a gani. Gwajin DAPA-HF na 2019, na ɗan'uwansa dapagliflozin, ya ɗauki mutum 4,744, fiye da rabinsu ba su da ciwon suga, kuma suka amfana kamar kowa. A Mayun 2020 FDA ta amince da dapagliflozin ga zuciyar da ta yi rauni wajen matsa jini. A Fabrairun 2022 aka faɗaɗa wa empagliflozin izini har ga ɗaya nau'in, wanda zuciya ke matsawa lafiya amma ta sandare ba ta cika da kyau, nau'in da likitoci suka daɗe ba su da abin kirki da za su ba shi. Kakan wannan dangi na magunguna kuwa, phlorizin, tun 1835 aka tatso shi daga ɓawon itacen tuffa.

Sai dai mu da muke ƙasar zafi akwai abin kiyayewa. Maganin yana ƙara fitsari, don haka wanda yake shan Lasix, maganin fitar da ruwa, zai iya buƙatar a rage masa, musamman a bazara ko a watan azumi. A gaya wa mara lafiya tun farko cewa ƙaiƙayin gaba na iya zuwa, ya dawo a ba shi magani, kada kunya ta sa ya ajiye ƙwayar ya yi shiru. Kuma mai ciwon suga da ke shan sa zai iya shiga hatsarin tsamin jini alhali awon sugansa bai nuna tashi ba, shi ya sa ake dakatar da shi kwanaki kaɗan kafin tiyata.

Shin ko kun san cewa da hannun Kano a cikin binciken da ya canza yadda ake sallamar mai gazawar zuciya daga asibiti? Wannan ne ya fi burge ni a duk jerin, domin babu sabon magani ko ɗaya a cikinsa. Yadda aka saba shi ne a kwantar da mutum, a zuƙe ruwan da ya taru masa, a sallame shi da ƙananan awo na magunguna, a ce ya dawo nan gaba. Sai ya yi watanni a kan wannan ƙaramin awon, babu wanda ya ƙara masa, har ranar da za a sake kawo shi ranga-ranga. Gwajin STRONG-HF, wanda mujallar Lancet ta buga a 2022, ya raba mutum 1,078 daga ƙasashe 14 gida biyu. Ɓangare ɗaya aka bar shi a kan yadda aka saba. Ɗayan kuwa aka yi ƙoƙarin kai magungunansa cikakken awo cikin mako biyu da sallama, ana ganin kowane mutum sau huɗu a wata biyun farko, ana duba hawan jininsa da bugun zuciyarsa da ƙodarsa da fotasiyam. Bayan wata shida, kashi 23.3 na ɓangaren farko sun rasu ko sun koma gadon asibiti, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 15.2 ne. Bambancin ya fito fili har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa. Najeriya na cikin ƙasashen da suka ba da marasa lafiya, kuma cikin marubutan rahoton akwai Dakta Hadiza Saidu ta Jami'ar Bayero. A 2023 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta shigar da wannan tsari cikin ƙa'idojinta. Magungunan da aka yi aikin da su, irin su spironolactone da bisoprolol, suna nan a kantunanmu. Abin da tsarin ke nema shi ne asibiti ya buɗe wa wanda aka sallama ƙofa a makon farko, kuma ya iya awon jini a kan lokaci.

Ko kun san cewa an taɓa tambayar wane haɗin maganin hawan jini ne ya fi dacewa da baƙar fata na Afirka, kuma a nan aka amsa? Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci gwajin CREOLE a ƙasashe shida, ciki har da Najeriya da Kamaru, da mutum 728, aka buga a 2019. Haɗin da ke da amlodipine a ciki, ko da hydrochlorothiazide ko da perindopril, ya fi sauke jini a kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. A 2024 shi da abokan aikinsa suka sake fitowa da gwajin VERONICA a kan mutum 300 a Najeriya, inda ƙwaya ɗaya mai ɗauke da magani uku, telmisartan da amlodipine da indapamide, ta fi tsarin da aka saba na farawa da magani ɗaya ana ƙarawa. A Yunin 2025 FDA ta amince da wannan ƙwaya da sunan Widaplik. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo ya zazzage ledar magani a kan tebur, ya ware fara da ja, ya ce wannan ce yake sha in ya ji kansa na sarawa, ya san darajar ƙwaya ɗaya tak da safe.

Ga wasu uku a gurguje. Aprocitentan, mai suna Tryvio, ya samu izini a Maris 2024 don hawan jinin da ya gagari sauran magunguna. Yana toshe wani sinadari mai tsuke jijiyoyi, yana iya tara ruwa a jiki, kuma haramun ne ga mai ciki. Finerenone, wato Kerendia, ya fara a 2021 don ƙodar masu ciwon suga, a Yulin 2025 aka ƙara masa izinin gazawar zuciya. Mavacamten kuwa, Camzyos, wanda ya fito a Afrilun 2022, na masu gadon kaurin tsokar zuciya ne, kuma aikinsa rage wa zuciya ƙarfin matsa. Saboda haka ba a ba da shi sai inda za a riƙa ɗaukar hoton zuciya a kai a kai.

Shin ko kun san cewa allurar rage kitsen jini da ake yi sau biyu a shekara, jikin baƙar fata ne ya nuna hanyarta? A 2003 masu bincike a Faransa suka gano wata ƙwayar gado, PCSK9, a iyalan da kitsensu ya yi mugun hawa. Can a Dallas, Helen Hobbs da Jonathan Cohen suka duba ta ɗaya gefen: me ke faruwa da wanda tasa ba ta aiki? Suka tarar da irin wannan a kashi 2 zuwa 3 na baƙaƙen Amurka. Mugun kitsen LDL ɗinsu ya yi ƙasa da kashi 28, ciwon jijiyoyin zuciya kuma ya ragu musu da kashi 88. Har aka samu wata mata da ba ta da sinadarin da wannan ƙwayar gado ke ƙerawa sam, awon LDL ɗinta 14 kacal, kuma lafiyarta lau. Daga nan aka ƙera evolocumab da alirocumab, aka amince da su a 2015. Sai inclisiran, mai suna Leqvio, wanda Turai ta karɓa a ƙarshen 2020, Amurka a Disambar 2021. Yana shiga hanta ya katse saƙon ƙera sinadarin. Allura ta farko, wata bayan wata uku, daga nan sai duk wata shida, kitse ya sauka da kusan rabi. A tuna dai bisa rage kitsen aka ba shi izini, kuma ga yawancin mutane ƙwayar statin mai araha ce har yanzu matakin farko.

Ko kun san akwai ciwon zuciya na gado da tushensa yake Afirka ta Yamma, amma a Amurka aka fi gano shi? Wani sinadarin jini da hanta ke ƙerawa, transthyretin, kan lalace ya riƙa taruwa a tsokar zuciya har ta yi kauri ta sandare. Kashi 3 zuwa 4 na baƙaƙen Amurka suna ɗauke da canjin gadon da ke kawo haka, V122I, kuma daga yankinmu kakanninsu suka tafi da shi. Ba kowa mai shi ke kamuwa ba, kuma sai an manyanta yake bayyana. A da babu magani. Yanzu akwai tafamidis na 2019, acoramidis na Nuwamban 2024, da allurar vutrisiran ta duk wata uku, wadda aka amince da ita ga zuciya a Maris 2025. Tafamidis ya shiga kasuwar Amurka a kan dala 225,000 a shekara, kuɗin da ko a mafarki ba namu ba ne. Duk da haka ganewar tana da amfani. Dattijo mai kumburin ƙafa da kaurin zuciya, wanda hawan jininsa na da ya sauka da kansa, yatsun hannayensa biyu suna mutuwa, kada a yi saurin ɗora komai a kan hawan jini, domin wasu magungunan da muka saba bayarwa, irin su digoxin, suna iya yi masa illa.

Allurar rage ƙiba, semaglutide, ita ma ta shigo layin zuciya. Gwajin SELECT na 2023, da mutum 17,604 masu ƙiba da ciwon jijiyoyin jini amma ba su da suga, ya nuna raguwar kashi 20 a toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu. FDA ta ƙara wa allurar, mai suna Wegovy, wannan izini a Maris 2024. A Yunin shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa an kama jabun semaglutide a Birazil da Birtaniya da Amurka. In jabu ya kutsa can, mai sayen allura ta intanet a nan sai ya yi hattara.

Shin ko kun san cewa tsohon warfarin ya kayar da sabon magani a ciwon da ya fi damun matasanmu? Ciwon ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron yara ya yi ƙaranci a ƙasashe masu arziki, amma mu yana nan. Gwajin INVICTUS na 2022 ya bi fiye da mutum 4,500 masu wannan ciwo tare da rikicewar bugun zuciya. An sa rai rivaroxaban, wanda ba ya buƙatar yawan awon jini, zai sauƙaƙa musu. Sai aka ga masu shan warfarin da danginsa sun fi tsira da ransu. Don haka mai tsukewar ƙofar zuciya irin wannan ya zauna a kan warfarin da awon INR ɗinsa, komai wahalar zirga-zirgar. A Yuganda kuma gwajin GOAL na 2021 ya nuna allurar fenisilin duk mako huɗu ga yaran da hoton zuciya ya nuna ciwon ya fara a ɓoye: cikin shekara biyu, kashi 0.8 ne kawai ciwonsu ya ci gaba, a waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 8.2. Shi ma colchicine, tsohon maganin ciwon gaɓɓai, ya samu izinin kare zuciya a Yunin 2023, amma wani babban gwaji na 2024 a kan waɗanda jijiyar zuciyarsu ta toshe bai ga amfaninsa ba, kuma har yanzu likitoci na tafka muhawara a kai.

Ko kun san cewa arewa maso yammacin Najeriya na cikin wuraren da gazawar zuciyar masu jego ta fi yawa a duniya, kusan haihuwa 1 cikin 100? Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka bayyana ta a Zariya, aka daɗe ana ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa. Rajistar PEACE, wadda Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta fito a 2020 da wata magana dabam: waɗannan al'adu ba su fito a matsayin sanadi ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, hawan jinin ciki, rashin karatun boko da rashin aikin yi. Matsalar ita ce alamun suna ɓuya cikin gajiyar haihuwa. Mai jego ta daina iya kwanciya sai ta jingina da filo uku, ta hau tudu kaɗan tana haki, ka danna mata ƙwauri da yatsa ramin ya zauna bai tashi ba, a gida kuma a ce ai jego ne, zai wuce. A 2024 gwajin SPEC-AI, da aka yi a asibitocin Najeriya da mata kusan 1,200, ya nuna cewa na'urar sauraren ƙirji mai ƙirƙirarriyar basira ta gano raunin zuciya ninki biyu na abin da duban da aka saba ke ganowa. Kafin irin wannan na'ura ta iso ɗakin awo na karkara, duk mai ciki ko mai jegon da ba ta iya kwanciya miƙe a tura ta hoton zuciya a makon. In tana da ciki, a kauce wa lisinopril da losartan da sacubitril/valsartan har sai ta sauka.