Cin ranin ma'aikatan asibiti a Amurka, da yadda ya shafe mu

Ga taƙaitaccen bayanin shirinmu na lafiya, domin wanda bai samu saurare ba da wanda zai karanta wa 'yan uwa. Maganar cin rani muka yi, amma ba irin wanda kuka saba ba. Wannan na ma'aikatan asibiti ne a ƙasar Amurka.

In kun je asibiti, likita kuke nema. To amma likita ba ya aiki shi kaɗai. Akwai mai awon jini da fitsari, da mai ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi, da mai sikanin mata masu ciki. Akwai mai gashin ƙashi da ke sake koya wa mai shanyewar ɓarin jiki tafiya, da mai kula da injin numfashi. Waɗannan ba likitoci ba ne, ba kuma nas ba, kowa da karatunsa. In babu mai awo, lalube likita zai yi: zazzaɓin cizon sauro ne, ko taifot? Su ne yanzu ake rububinsu a Amurka, har da yawansu sun bar zama wuri ɗaya sun koma bin aiki jiha-jiha.

Ga yadda abin ke tafiya. Asibiti ya rasa ma'aikaci, sai ya sanar da kamfanin dillancin ma'aikata, irin su AMN Healthcare ko Aya Healthcare. Kamfanin ya nemo mutum, a rubuta yarjejeniya, galibi ta mako 13, wato wata uku. Asibiti ya biya kamfani, kamfani ya cire la'adarsa ya biya ma'aikaci. Wa'adi na cika, ko a ƙara masa, ko ya ɗaure kayansa ya nufi wani gari. Ku da kuka san dillalin kara, ba sai an yi muku dogon bayani ba. Bayan ladan awa, ana ba shi kuɗin masauki da na abinci. Wannan kuɗin ba a cire masa haraji, muddin yana da gidansa na asali da yake ɗawainiya da shi, kuma bai wuce shekara ɗaya yana aiki a wuri guda ba. Shi ya sa abin da yake shiga aljihunsa kan fi na abokin aikinsa mazaunin wurin.

Me ya sa buƙatar ke ƙaruwa? Ruwa ba ya tsami banza. Na farko, tsufa. An haifi yara da yawa a Amurka tsakanin 1946 da 1964, kuma nan da 2030 dukkansu za su kai shekara 65. A lokacin, mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar tsoho ne. Tsoho kuwa kullum yana hanyar awo, hoto da gashin ƙashi, ga su ma'aikatan kansu suna tsufa suna ajiye aiki.

Na biyu, ƙauye. Can ma matashi mai takarda birni yake so. Tun daga 2010 asibitocin karkara fiye da 100 sun rufe ko sun daina kwantar da majinyata, waɗanda suka rage kuma da yawa da baƙin ma'aikata suke cike gurbi.

Na uku, yanayi. In sanyi ya shigo, dubban tsofaffi kan bar jihohin arewa su gangara kudu, Fulorida da Arizona, kamar yadda kuke gangarawa da dabbobi in kaka ta wuce. Asibitocin can sai su cika na 'yan watanni, su nemi hannu na wucin gadi. Sai kuma cutar korona ta 2020 da ta ƙara hura wutar: an yi ta neman masu injin numfashi ido rufe, farashinsu ya tashi, wasu mazauna suka ajiye aikinsu suka shiga yawo.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bayan korona ta lafa, farashin ya sauko. Asibiti na iya soke yarjejeniya tun wa'adi bai cika ba, ma'aikaci kuma ya riga ya biya haya. Tsakanin wannan aiki da na gaba babu albashi. Amurka jihohi 50 ce, kuma a sana'o'i da yawa kowace jiha da lasisinta, ko da yake tun 2018 masu gashin ƙashi sun samu sauƙi, jihohi da dama sun yarda su karɓi lasisin juna. Shi ma majinyaci yana biya: bai gama sabawa da mai kula da shi ba, an kawo wani.

To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, rami in aka cike shi, daga wani wuri aka ɗebo ƙasar. Ƙasashe masu kuɗi in ma'aikata sun yi musu ƙaranci, waje suke dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nan da 2030 duniya za ta yi giɓin ma'aikatan lafiya aƙalla miliyan 10, mafi yawa a ƙasashe marasa ƙarfi. A 2023 ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ta ce kada a shiga cikinsu ana farautar ma'aikata, sai da yarjejeniyar gwamnati da gwamnati. Nijar, Najeriya, Chadi, Kamaru da Ghana duk suna ciki. Jerin bai hana mutum neman aiki da kansa ba. Amma duk mai awo ɗaya da ya tashi daga babban asibiti, daga ƙaramin asibiti ake janyo magajinsa, kuma ƙarshen layin shi ne asibitin da ke kusa da rugarku.

Saura gargaɗi, musamman ga iyaye masu ɗa ko ɗiya da ke karatun awo ko hoto. Wannan aikin yawo ba ƙofar shiga Amurka ba ce. Kamfanonin na neman wanda ya riga ya samu izinin aiki a ƙasar, ya ci jarrabawar hukumar sana'arsa, kuma galibi ya yi shekara ɗaya ko biyu yana aikin. Mai awo ko mai gashin ƙashi da ya yi karatu a waje sai an tantance takardunsa da Turancinsa, an ba shi shaida irin wadda ake kira VisaScreen. Bizar ziyara kuma ba ta halatta aiki. Don haka in wani ya zo muku da labarin cewa ku sayar da bijimi biyu, wata mai zuwa yaro ya fara aiki a asibitin Amurka, ku riƙe igiyar dabbarku. Ku tambaye shi: wace jarrabawa, wane lasisi, wace irin biza? Mai gaskiya zai amsa, maƙaryaci kuwa sai ya hau yi muku gaggawa.

Yaron da ya riƙe wannan karatu bai yi asara ba, ko nan ko can, sana'a ce da ake nema. Mai awon da kuka tarar a asibitin garinku kuma, ku san cewa yana da inda zai je amma ya zauna. Ku mutunta shi, ku kuma riƙa tambayar shugabanninku me aka tanadar masa don ya ci gaba da zama. Allah Ya ƙara mana lafiya, mu da dabbobinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.