Harafin N da ke jikin buhun taki: me yake nufi?

Da damina ta ƙarato, masu sayar da takin zamani a kasuwar Maraɗi da ta Tibiri ba su da sukunin zama. Wani buhun an rubuta masa 15-15-15, wani kuma 46. Da yawa daga cikin mata masu awon taki da tiya suna ganin lambobin kamar ado ne, alhali kuɗinsu na cikinsu.

Lambar farko ta N ce, wato naitirojin, wanda yaranmu na lakkol suka sani da azot. Shi ne ke sa ganyen hatsi ya yi kore shar. Ƙwayar zarrarsa, wadda ido ba ya gani, tana da cibiya mai ɗauke da furoton 7, galibi da nutoron 7, sai elektoron 7 da ke kewaye da ita. Adadin furoton ɗin nan shi masana ke kira lambar zarra, kuma shi ne katin shaidar kowane sinadari. In furoton 6 ne, kabon ne, irin na gawayi. In 8 ne, iskar oksijin ce da muke rayuwa da ita. Saboda haka azot na Najeriya da na Rasha da na kashin awaki duk abu guda ne. Kada wani dillali ya ce maki nasa ya fi ƙarfi. Yawansa a cikin buhu ne kawai ke bambanta.

Abin mamaki, kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kanmu azot ne, amma gero ba ya iya cin ko kaɗan. Dalili, elektoron 5 ne a zagayen waje na ƙwayar, tana neman 3 ta cika, sai ƙwayoyi biyu su ƙulle juna da ɗauri uku mai wuyar kwancewa. Ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙulullukan saiwar wake da gyaɗa sun iya kwance shi, shi ya sa tsofaffi ke haɗa gero da wake, suna kuma barin gawo a gona. Ɗan Adam kuwa sai a 1909 Bajamushe Fritz Haber ya gano dabarar, aka buɗe masana'antar farko a Jamus a 1913. Wutar da aikin ke ci na daga cikin abin da ke sa taki tsada.

To ga lissafin. Buhun ure mai kilo 50 yana da azot kilo 23, na 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi, sauran lambobin biyu na fosfor da fotas ne. Wato ta fuskar azot, buhun ure ɗaya ya kai ɗayan uku. Manomin fadamar Jiratawa da ke son ƙara wa masararsa ƙarfi, ure zai nema.

Sai dai ure ba ya son sanyin ƙasa. In an bar bakin buhu buɗe, ya sha raɓa ya dunƙule. Ki ɗora shi bisa katako a inuwa, ki ɗaure bakin bayan kowane awo. Ki kuma gaya wa mai saye ya rufe shi da ƙasa in ya zuba, don in ya bar shi a fili cikin rana, wani kaso na azot ɗin iska zai bi.